Littattafan Jikan Barka

Al Karama, Dubai
Maris, 2023

Zuwa ga Kawu Ɗalhatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, da 'yarka Ummi Kulsum da yaranta da duk mutanen Tudun Wada. Yaya ƙafar? Ummi ta ce mini yanzu ranar Juma'a sai an kai ka masallaci a mota. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan lafiya lau. Maigidana Abdulhakeem yana gaishe ka. Ni ina nan a kantin maganin da nake aiki a Port Saeed, kullum dai tsayuwa daga safe zuwa la'asar.

Na san ka daina karɓar waya tun da kunnen ya yi nauyi, kuma ka ce wasiƙar da aka ɗauki hotonta aka tura, kowa ya karanta ta kafin mai ita. Tun da aka tsayar wa 'yan Najeriya biza, 'yan kasuwar Kano da nake ba saƙo sun ɗauke ƙafa. Amma na samu wata Hajiya Safi, mutuniyar Maraɗi, tana zuwa sarin abaya da turare a Murshid Bazaar. Ta ce in ta koma za ta ba direban da ke shiga Zariya. Ta hannunta za ka riƙa ba ni amsa.

Kawu, abin da ya sa na ɗauki biro shi ne 'yata Murjanatu. Ta shiga shekara goma sha huɗu, kuma a makarantarsu sun zo kan yaƙin basasar Amurka. Ranar nan ta dawo tana ba ni labarin Arewa da Kudu, masu shuɗin kaya da masu ruwan toka, kamar ita ta fara jin sa a duniya. Ina yanka albasa na ji idona ya cika, kuma ba albasar ba ce. Sai ga ni a gindin mangwaron gidanka lokacin hutu, ka fito da akwatin ƙarfen nan da ka zo da shi daga Ohio, marigayiya Inna Ladidi tana jefa ɗanwake tana cewa ka bar yara su ci abinci kafin ka kashe musu sojoji. Ka tuna yadda kake raba mu gida biyu, ka ba mu karan dawa a matsayin bindiga? Ba wanda yake son zama Kudu, sai an yi ƙuri'a. Duk ranar da ta faɗa kaina kuka nake yi.

Malamarsu ta ce kowa ya nemi littafi ɗaya ya karanta. Na zaga kantunan littattafai a nan, akwai su da yawa, masu ƙyalli, amma ban san na kirki ba. Wanne ka fi so a cikin naka? Ina tuna wani ƙato mai koren bango, da wani mai hotuna da kake hana mu buɗe tsakiyarsa.

Sai kuma wata tambaya da ta yi mini, na rasa amsa. Ta ce, "Mama, mu ma an yi bayi a ƙasarmu? A danginmu fa?" Na ce mata ta bari in tambayi Kawu, don duk danginmu kai abin ya fi shafa.

A gaida kowa. Allah ya kai mu azumi lafiya.

'Yarka,
Asama'u

*

Tudun Wada, Zariya
Mayu, 2023

Asama'u,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta iso bayan Sallah. Muna lafiya. Ƙafa tana nan yadda take, an ce tsufa ne, ban yi musu ba. Ki gaida Abdulhakeem.

Batun littattafai. Ƙaton mai koren bango shi ne wanda na koyar da shi shekara da shekaru. Ya faro tun daga gardamar da aka yi ta yi kan sabbin jihohi, ko za a yi bauta a cikinsu ko ba za a yi ba, har ya kai ranar da aka ajiye makamai. Marubucin ba ya gaggawa, yarinya za ta gaji a farko, ki ce ta daure. Mai hotunan kuwa, abin da na hana ku gani gawawwaki ne a fili, samari, wasu an cire musu takalma. Yanzu ta isa ta gani. Akwai na uku da ba ki tuna ba, tarin wasiƙun da sojoji suka rubuta wa gida. Rabin abin da ke ciki roƙon safa ne da tambayar ko saniya ta haihu. Ina son sa don haka.

Na sa Ummi ta zuba su duka a kwali, har da sauran. Hajiyar taki za ta taho da su. Ki riƙe, ba sai kin dawo da su ba.

Kin rubuta cewa duk danginku ni abin ya fi shafa. Na karanta layin nan ya fi a ƙirga. Gaskiya kika faɗa. Ta wajen uwa ni ɗan gidanku ne, mahaifiyata da kakarki 'ya'yan wa da ƙani ne. Ta wajen uba kuwa, kakana Barka bawa ne a gandun gidanku. Ba yau aka fara tuna mini ba. Shekarar da na dawo daga Amurka da digirina, na aika neman auren yayar mahaifiyarki, Halima Sa'adiya. Ni da ita mun daidaita tun kafin in tafi. Kakanki Alhaji Hadi ya tara mutane a zaure, ya ce ba ya ƙin ilimina, ba ya ƙin halina, amma jikan Barka ba zai auri jikar masu gandu ba. Na sa takalmina na fito. Ban yanke zumunci ba, na ci gaba da zuwa gaisuwa har ya rasu.

Na ɗauka maganar ta bi waɗanda suka yi ta. Ban san an kai ta har Dubai ana ba yara ba. Kuma ban zaci zan ji ta daga bakin yarinyar da na koya wa karatu a kan cinyata ba.

Ki ba 'yarki amsar da kika ga dama. Ke ma kin sani.

Malam Ɗalhatu Isa

*

Al Karama, Dubai
Yuli, 2023

Kawuna,

Assalamu alaikum. Ina fata an yi babbar Sallah lafiya, da fatan jiki da sauƙi. Mu lafiyar jiki ƙalau, zafi ne dai ya kai inda ko tagar falo ba ma buɗewa.

Kawu, wallahi, tallahi, ban sani ba. Ban taɓa jin sunan Barka ba sai a wasiƙarka. Da na ce kai abin ya fi shafa, nufina kai ne malamin tarihi, kai ka yi shekaru kana karanta waɗannan abubuwa. Da tambayar magani ce, da cewa zan yi ni ta fi shafa. Iyakar abin da ke raina ke nan, Allah ne shaida.

A shagon da Hajiya Safi ke ɗaure kayanta na karɓi kwalin. Tana ta yi mini tsiya wai duwatsu aka aiko mini daga Zariya, sun cinye mata kilo. Ban iya jira ba, na buɗe wasiƙar a tsaye tsakanin dilolin kaya. Da na kai ƙarshe na ga ka sa hannu da cikakken sunanka, sai da Hajiya ta jawo mini kujera. Ta yi ta tambaya, "Rasuwa aka yi?" Na ce a'a. Na ninke wasiƙar na sa a jaka.

Da na isa gida na kira Mama a Kaduna. Na tambaye ta kai tsaye. Ta ce gaskiya ne, tana bayan ƙofar zaure ranar da aka yi. Ta ce Yaya Halima ta yi wata guda ba ta fita tsakar gida ba. Ta ce ba su taɓa gaya mana ba don kunya suke ji, kuma kunyar ba taka ba ce, tasu ce. Na ce to me ya sa duk hutu gidanka take kai ni, alhali ga gidan Kaka a cikin birni? Ta ce, "Don ina so ki tashi kin san mutum." Daga nan kuka ya hana ta magana.

Na buɗe kwalin. Warin kafur ɗin akwatinka ya cika ɗakin, har Murjanatu ta fito tana tambayar mene ne. Na ba ta mai koren bangon, ta fara. Sauran na jera su a kan wardirob. Ajiya na ɗauke su, ba kyauta ba.

Ban ba ta amsar tambayarta ba, kuma ba zan ba ta ba sai da izininka. Labarin naka ne.

Kawu, ka yafe mini. Ko layi ɗaya ne ka rubuto.

'Yarka har abada,
Asama'u

*

Tudun Wada, Zariya
Afrilu, 2024

'Yata Asama'u,

Assalamu alaikum. Barka da Sallah. Ina fata ke da maigidanki da Murjanatu kuna lafiya. Na yi jinya da sanyin bana, ciwon ƙirji, har an kwantar da ni, amma na tashi. Na hana Ummi gaya miki, kada ki yi mata faɗa.

Wasiƙarki ta watan Yulin bara, shekaranjiya ta shigo hannuna. Direban ya zo da kansa yana ba da haƙuri. Ya ce Hajiya ta ba shi ita a cikin buhun kaya, kafin ya taso aka yi juyin mulki a Nijar aka rufe iyaka, buhun ya zauna a sito a Maraɗi har aka buɗe. Takardar duk ta sha turare. Ummi ta ce kin sha kiran ta kina tambayar lafiyata, kina kewaye-kewaye kamar mai son faɗin wani abu. Ashe ke kina can kina zaton na karanta na ƙi yafewa. Ni kuma ina nan ina cewa yarinya ta karɓi littattafai ta yi shiru, to, maganar haka take. A gadon asibiti na yi ta tunanin zan tafi ban sake jin ki ba.

Babu abin yafewa a wajenki. Ni na karanta abin da ba ki rubuta ba. Wuri ne da bai warke ba, ko a kusa da shi aka taɓa sai in zabura.

Kin tambaye ni wanne na fi so, na lissafa miki uku, na tsallake na gaskiyar. Ki duba cikin waɗanda na aiko, akwai wani ƙarami mai ruwan ƙasa, bangon baya ya cire. Hirarraki ne da aka yi da tsofaffin da aka haifa cikin bauta, bayan sun tsufa tukuf, aka rubuta yadda suka faɗa. A shagon tsofaffin littattafai na same shi, shekarata ta farko a can, ana zuba ƙanƙara. Na zauna a ɗakina na fara karantawa. Ban yi nisa ba na rufe, na fita waje ba ko rigar sanyi. Muryar kakana na ji a ciki. Yadda suke ba da labari su yi dariya a inda ba na dariya ba, yadda suke tsallake wani wuri su koma maganar abinci, haka yake yi. Na je Amurka karatun koyarwa ne kawai. Wannan littafin ya mai da ni malamin tarihi.

Na san Barka, ina da wayo ya rasu. Gajere ne, da zane a fuska irin wanda ba kowa ke da shi ba a unguwarmu. Kullum yana ƙofar gida yana tufkar igiyar rama. Ya ce yana yaro yana korar tsuntsaye a gonar uwarsa, can ƙasar duwatsu ta kudu, mahara suka ɗauke shi. Ya ce da ƙafarsa ta fashe a hanya wata mata da aka kamo tare da su ta goya shi, a wata kasuwa aka raba su. Ya girma a gandun gidanku, ya fanshi kansa da guminsa bayan zuwan Turawa, ya sa ɗansa a makaranta, ɗan ya zama akawu a jirgin ƙasa, ya haife ni. Shi yake saya mini alewa ran kasuwa, ya ɓoye a hula.

Lokacin da nake koyarwa, ɗalibai sukan tambaye ni me ya haɗa mu da yaƙin wasu mutane a bayan teku. Ina ce musu yana cikin manhaja. Gaskiyar ita ce, a can an yi ta rubutawa, an ɗauki hotuna, an bi tsofaffi an tambaye su. A nan kowa ya san gidan da aka fito, ba mai faɗa sai ranar neman aure. Na fi samun sauƙin yin maganar a kan Amurka.

Ki gaya wa Murjanatu duka. Amma ki haɗa mata da wannan: ranar da mahaifina ya rasu, Alhaji Hadi ne ya shiga kabari ya karɓe shi, na ga hawaye a gemunsa. Mutum ɗaya ne ya yi wannan ya yi wancan. Kada ta tsane shi, kada kuma ki wanke shi. Halima kuwa Allah ya ji ƙanta, ta yi zamanta, na yi nawa da Ladidi, kuma ban yi asara ba.

Mangwaron ya yi 'ya'ya bana har reshe ya karye. Ba yaran da za su hau.

Kawunki,
Ɗalhatu

*

Al Karama, Dubai
Mayu, 2024

Kawuna,

Wa alaikumus salam. Alhamdu lillahi da ka tashi. Ummi kam ta sha faɗa, ka yi haƙuri, ban iya bin umarninka a nan ba. Mu lafiya. Wataƙila kun ji labarin ruwan da aka yi mana a watan jiya, irin wanda tsofaffin garin suka ce ba su taɓa gani ba. Titinmu ya zama kogi, motar Abdulhakeem ta sha ruwa, silin ɗakinmu ya yi yoyo. Da na ga ɗigo a saman wardirob, littattafanka na fara kwashewa kafin kayan sawa. Ba wanda ya jiƙe.

Hajiya Safi ta zo har gida ba da haƙuri. Ita ma ta ɗauka an kai tun bara, shi ya sa duk lokacin da na tambaya take ce mini khalas, wato shi ke nan, an kai. Watannin nan, Kawu, ban taɓa wucewa ta gaban wardirob ɗin nan ban tuna wasiƙarka ba.

Na gaya wa Murjanatu. Ranar Asabar na ɗauke ta muka je bakin ruwa a Deira, inda jiragen katako ke lodi, muka zauna, na karanta mata wasiƙarka tun daga farko. Ajinsu sun bar yaƙin Amurka tuni, suna wani abu daban, amma ta gama mai koren bangon, ta gama na wasiƙun sojoji. Da na kai ƙarshe ta daɗe tana kallon masu ɗaukar kaya. Sannan ta ce, "Mama, ke nan mu ne masu gandun." Na ce mu ne. Ta ce, "Kuma Kawu ya ci gaba da zuwa gaishe su?" Na ce ya ci gaba. Muka tashi muka hau jirgin ƙasa. Da muka dawo ta nemi ƙaramin mai ruwan ƙasan, ta yi masa bango da takardar kalanda.

In Allah ya yarda muna tafe hutun ƙarshen shekarar karatu, ta Addis Ababa. Ta ce a gidanka za ta sauka, ba Kaduna ba.

Ta ba ni saƙo, ta ce kada in canza mata ko kalma. A littafin ta ga wasu an sauya musu suna bayan an saye su. Tana tambaya: Barka sunan da aka sa masa a gandu ne? In haka ne, mene ne sunansa na gida?

'Yarka,
Asama'u

*

Tudun Wada, Zariya
Yuni, 2024

'Yata Asama'u, da jikata Murjanatu,

Assalamu alaikum. Ina lafiya, har na fara takawa zuwa masallacin unguwa da sanda. An share muku ɗakin Ladidi. Allah ya kawo ku lafiya.

Murjanatu, wannan naki ne. Kin yi tambayar da ɗalibaina ba su taɓa yi ba. E, a gandu aka sa masa Barka. Ni ma na tambaye shi sunansa na gida, ban kai shekarunki ba a lokacin. Yana tufka, ya tsaya, ya ɗora igiyar a gwiwa. Ya daɗe yana motsa baki kamar mai neman wani abu a tsakanin haƙora. Na ga ya kusa kamawa, sai ya kuɓuce masa. Ya yi dariya ya shafa kaina.

Ya ce, "Ɗalhatu, ya tafi. Amma da uwata za ta tsaya a bayan katangar nan ta kira, da na waiwaya."

Iyakar abin da na sani ke nan. Sauran sai kin zo.

Kawunku,
Ɗalhatu